Yadda Ake Tsare Kai Daga Zambar Cek, Da Inda Ake Kai Ƙara Idan Ta Afku

Wani ɗan'uwana da ke sayar da shinkafa da sukari a Kano ya taɓa loda wa baƙo mota guda ta kaya a wata Juma'a, ana jibi Sallah. Baƙon ya zo da dillali, ya yi ciniki ba tare da ja-in-ja ba, ya ce kamfaninsu ba ya biya sai da cek, ya tura yaronsa banki ya ajiye. Ba a jima ba wayar ɗan'uwana ta yi ƙara, ya ga alat, ya ga adadin kuɗin daidai, ya ce a buɗe sito. Sai da aka dawo hutun Sallah banki ya kira shi ya zo ya karɓi takardarsa, babu ko sisi a asusun mai cek ɗin. Lambar baƙo a kashe. Dillali kuma ya rantse shi ma ranar ya fara ganin mutumin.

Tun daga nan nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni cewa cek ba kuɗi ba ne. Umarni ne a rubuce daga mai asusu zuwa bankinsa cewa a biya wane kaza. Ko bankin zai bi umarnin, wannan magana ce ta daban, kuma tsakanin miƙa takardar da zaman kuɗin a asusunka akwai tazara. A cikin wannan tazarar ɗan damfara yake cin kasuwarsa. Yanzu tiransifa ta rage wa cek kasuwa sosai, amma kamfanoni da 'yan kwangila da makarantu da ƙungiyoyi suna nan suna amfani da shi, kuma raguwar tasa ce ma ta sa matasan 'yan kasuwa da yawa ba su san halinsa ba.

Idan kai ne za a bai wa cek

Abu na farko, tun kafin ka taɓa takardar, ka tambayi mai sayen dalilin da ya hana shi yin tiransifa. Ba rashin kunya ba ne, kasuwa ce. Mai gaskiya yana da amsa, kuma ba zai damu ba idan ka ce kaya za su kwana a sito har kuɗi ya zauna. Wanda ya fara cewa direba na jira, ko jirgi zai tashi ya bar shi, ko "Alhaji ai kamar ba ka yarda da ni ba", to ka ƙara riƙe mabuɗin sitonka. Gaggawa ita ce jarinsu.

Na biyu, ka dubi takardar a wuri mai haske, gaba da baya. Cek na gaskiya ana buga shi a takarda ta musamman mai ɗan kauri, da alamar da ke bayyana idan an ɗaga ta sama ana kallon haske, da jerin lambobi a ƙasa waɗanda inji ke karantawa. Tun 2021 Babban Bankin Najeriya ya tilasta sabon samfurin cek mai ɗauke da ranar ƙarewar aikinsa a jiki, don haka ka duba ko ta wuce. Ka shafa yatsa a gurbin suna da gurbin kuɗi. Idan wurin ya yi laushi ko ya koɗe fiye da sauran takardar, ko launin tawada ya bambanta tsakanin suna da sa hannu, akwai yiwuwar an wanke rubutun farko da sinadari an sake wani. Kuɗin da aka rubuta da kalmomi dole ya yi daidai da na lambobi. Duk gyaran da aka yi, dole mai asusu ya sa hannu a kusa da shi, kuma ni dai shawarata ita ce kada ka karɓi cek mai gyara ko da an sa hannun. A rubuto maka sabo, ganye ɗaya ne.

Sunan da ke kan cek ɗin ma abin dubawa ne. Mutum ya ce maka sunansa wane, amma cek na wani kamfani ne da bai ambata ba tun farkon ciniki, ko na wani mutum ne "da yake bi bashi". Irin wannan sau da yawa ganyen sata ne. Ka nemi katin shaidarsa, ka ɗauki hotonsa da na cek ɗin a gabansa. Mai niyyar cuta ba ya son kyamara.

Akwai wasu ƙa'idoji uku da sanin su kaɗai ya isa ya tona asirin cek na bogi. Tun 1 ga Janairun 2010 Babban Banki ya hana biyan cek ɗaya da ya haura naira miliyan 10, abin da ya fi haka sai ta hanyar tura kuɗi ta na'ura. Wanda ya miƙo maka cek ɗaya na miliyan 25, ko dai bai san abin da yake yi ba, ko kuma yana fatan kai ne ba ka sani ba. Sannan cek yana tsufa: idan ya wuce wata shida daga ranar da aka rubuta a jikinsa, banki ba zai biya ba. Na uku, bisa sanarwar Babban Banki ta Disambar 2022, cek ɗin da wani ya rubuta maka da ya haura naira 100,000 ba a biyan sa tsaba a kan kanta, sai dai ya bi ta asusu.

Yanzu ga inda ɗan'uwana ya faɗi, kuma nan ne ya kamata a daɗe. Idan aka ajiye cek na wani banki a asusunka, bankinka zai ɗauki hotonsa ya aika wa bankin mai cek ta hannun NIBSS, kamfanin da ke daidaita biyan kuɗi tsakanin bankunan Najeriya. Tun 2013 haka ake yi a duk faɗin ƙasar, ba a ƙara ɗaukar takardar daga gari zuwa gari. Aikin yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu, amma kwanakin aiki ake ƙirgawa. Asabar da Lahadi da ranakun hutu ba sa ciki. Cek ɗin da aka ajiye da yammacin Juma'a ana gobe hutun Sallah zai iya kai Laraba ko Alhamis ba a san matsayinsa ba. Ɗan damfara ya fi ka sanin kalanda.

A cikin kwanakin nan wasu bankuna sukan turo saƙo cewa an ajiye cek na kaza, har adadin ya bayyana a lissafin asusunka. Asusu kuwa yana da lissafi iri biyu: akwai jimillar da ke rubuce a littafin banki, wadda ta haɗa da cek ɗin da ba a tantance ba, akwai kuma kuɗin da za ka iya cirewa yanzu. Na biyun shi ne naka. Ka buɗe manhajar bankinka da hannunka ka duba, ko ka kira ma'aikacin da ke kula da asusunka ka yi masa tambaya ɗaya: "Kuɗin nan zan iya cire shi yau?" Kada ka tambaye shi ko ya shigo, domin zai iya ce maka ya shigo alhali yana nufin takardar. Kuma kada ka dogara da saƙon waya kaɗai, tunda akwai masu tura alat na bogi da sunan banki. Sakin kaya a kan cek ɗin da bai zauna ba cinikin biri a sama ne.

Daraf na banki, wato takardar biya da banki da kansa ke fitarwa, wanda mutane ke ɗauka kamar tsabar kuɗi, shi ma ana buga na jabu. Idan an ba ka, ka je reshen bankin da ya fitar da shi da ƙafarka a tabbatar maka. Lambar wayar da aka rubuta a jikin takardar, ko wadda mai sayen ya ba ka ya ce ta manaja ce, abokin aikinsa ne zai ɗauka.

Masu sayar da kaya ta intanet ga mutanen waje kuma suna da tasu. Mai saye zai aiko cek na Amurka ko Ingila da kuɗin da ya fi na ciniki, ya ce kuskure ne, a taimaka a mayar masa da rarar. Cek na ƙasar waje yakan ɗauki makonni kafin a gano na jabu ne, lokacin kai ka riga ka tura rarar daga aljihunka.

Idan kai ne mai littafin cek

Ranar da ka karɓi sabon littafi, ka ƙirga ganyayen a gaban ma'aikacin banki, ka rubuta lambar farko da ta ƙarshe a wani wuri daban. Ɓarawon gida ba ya ɗaukar littafi gaba ɗaya, domin za a lura. Daga tsakiya ko daga can ƙarshe yake zare ganye ɗaya, har da ɓarin da ke ragewa a jikin littafin, sai bayan watanni ka iso wurin. Don haka lokaci-lokaci ka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Littafin kuma ba a ajiye shi a aljihun mota ko a durowar shago da kowa ke buɗewa, kuma ba a haɗa shi wuri ɗaya da hatimin kamfani.

Wajen rubutu, ka yi amfani da baƙin biro mai tawadar da ke shiga cikin takarda, ba mai gogewa ba. Ka fara rubutu daga farkon layi, kada ka bar fili. Da yake da Turanci ake cike cek a Najeriya, dubi yadda abin yake da sauƙi: "six" harafi biyu ne tsakaninta da "sixty", "eight" kuwa harafi ɗaya ne tsakaninta da "eighty". A gurbin lambobi a ƙara sifili ɗaya, dubu takwas ta zama dubu tamanin. Ka matse kalmomin, ka rufe da "only", ka ja layi har ƙarshen fili. Lambar farko ta manne da alamar naira, kada a samu wurin cusa wata a gabanta. Wannan ba tsabar tsantseni ba ne kawai: idan sakacinka wajen rubutu ne ya buɗe ƙofar ƙarin, banki zai iya cewa asarar taka ce, kuma kotu na iya ba shi gaskiya.

Ka saba da ja wa cek layi biyu a kusurwar sama ta hagu, ka rubuta "A/C Payee Only" a tsakaninsu. Ma'anarsa kuɗin ba zai fita tsaba ba, sai dai ya shiga asusun wanda aka rubuta sunansa. Ko an sace shi a hanya, ɓarawo sai ya nemo asusu mai wannan sunan, kuma asusu yana da BVN a bayansa. Cek ɗin da aka rubuta "cash" a gurbin suna kuwa, duk wanda ya tsinta nasa ne.

Sai babbar cutar da ta fi kama mu, wato sa hannu a farar takarda. Alhaji zai tafi Umara, sai ya sa hannu a ganye biyar ya bar wa yaron shago ko akawu "saboda abin da ka iya tasowa". Shugaban ƙungiya ko na kwamitin masallaci, wanda aka ce sai da hannunsa da na ma'aji kuɗi zai fita, sai ya sa hannu a rabin littafi don kada a riƙa damun sa. To amfanin hannu biyun me ke nan? Na san abin da ke sa mu yin haka: kunya, da gudun kada a ce ba mu yarda da mutum ba. Amma ka tuna sa hannun naka ne na gaskiya, don haka ranar da abin ya ɓaci ba ka da bakin cewa banki ya biya a kan jabu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaron da ka bar wa farar takarda ma ba ka kyauta masa ba, ka ɗora masa jarrabawar da bai nema ba.

Ka je bankinka ka cike takardar umarni cewa duk cek ɗin da ya kai wani adadi, kai za ka zaɓa, kada a biya sai an tabbatar daga bakinka. Bankuna da yawa suna da hanyar da za ka shigar da lambar cek da adadinsa da sunan mai karɓa tun kafin ya isa kanta. Ka tabbata lambar wayar da ke kan asusun tana hannunka, kuma idan layinka ya ɗauke haka kawai ba dalili, ka kira banki kafin ka kira kamfanin waya, domin masu wannan sana'a sukan sace layi don su amsa kiran tabbatarwa a madadinka. A kamfani ko makaranta, wanda ke rubuta cek kada ya zama shi ne mai duba bayanin asusu a ƙarshen wata. Ka karɓi bayanin da kanka, ka gwada shi da ɓarin littafinka, layi bayan layi.

Abin ya riga ya faru: awannin farko

Mataki na farko banki ne, ba caji ofis ba, ba gidan mai unguwa ba. Tun 2015 Babban Banki ya wajabta wa bankuna su buɗe teburin karɓar rahoton zamba da ke aiki dare da rana. Lambar da za ka kira tana bayan katinka na ATM ko a cikin manhajar banki. Kada ka nemo ta a Facebook, can akwai shafukan bogi masu jiran wanda ya rikice.

Idan ganye ko littafi ne ya ɓace, ka ba da umarnin dakatar da biya, ka faɗi lambar ganyen, ko daga lamba kaza zuwa kaza. Doka ta ba mai asusu wannan ikon, kuma bankin da ya biya bayan umarnin ya iso masa yadda ya kamata shi zai ɗauki asarar. Idan kuɗin ya riga ya fita, ka nemi su tuntuɓi bankin da ya karɓa nan take don a riƙe abin da ya rage a asusun. Masu wannan aiki sukan rarraba kuɗi zuwa asusu da yawa cikin awanni, saboda haka kiran da ka yi da azahar ya fi wanda za ka yi da la'asar.

Kiran waya ba ya barin shaida a hannunka. A ranar, ko washegari da sassafe, ka kai takarda reshenka. Ka yi kwafi biyu, su karɓi ɗaya, su buga maka hatimi a ɗayan da kwanan wata da lokaci. Lokacin nan kada ka yi wasa da shi, wata rana shari'ar gaba ɗaya a kansa za ta tsaya: kafin a biya ka sanar, ko bayan an biya? Ka nemi lambar bin diddigin ƙorafinka, haƙƙinka ne. Idan littafi ne ya ɓace, yawanci za a nemi takardar rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa daga kotu, sai ka yi su bayan ka dakatar da biyan, ba kafin ba.

Mataki na biyu, tattara shaida tun ba ta watse ba. Hoton cek gaba da baya, takardar ajiya ta banki, rasit, takardar fitar da kaya, lambar motar da ta ɗauka, sunan direba da 'yan dako, lambobin waya, hirarku ta WhatsApp har da saƙon murya. Idan akwai kyamara a shago ko a layinku, a kwafe hoton ranar a yau, domin yawancinsu suna share na baya da kansu. Ka zauna ka rubuta yadda abin ya faru daki-daki tun kanka bai fara haɗa Talata da Laraba ba. Cek ɗin da ya dawo kuwa kada ka yi rubutu a kansa, kada ka manne shi da roba mai zafi, ka sa shi a ambulan ka adana.

Ka kula da dalilin da banki ya rubuta na mayar da shi. Sau da yawa za ka ga haruffa uku, DAR, wato ana buƙatar mai cek ya duba lamarin. Wannan lafazi ne na sakaya, bai fito fili ya ce babu kuɗi ba. Bankinsa kuma ba zai nuna maka asusun wani ba, sirri ne. Masu bincike ne ke da ikon neman bayanin asusun na ranar da aka gabatar da cek ɗin, kuma wannan bayanin shi ne ƙashin bayan ƙararka.

Wata uku, da tarkon "ka ƙara haƙuri"

Najeriya tana da doka ta musamman tun 1977 a kan bayar da cek alhali babu isasshen kuɗi a asusu. Hukuncin mutum ɗaurin shekara 2 ne ba zaɓin tara, kuma Babbar Kotun Jiha ce ke sauraron shari'ar. Amma dokar tana da sharaɗi: sai an gabatar da cek ɗin a banki cikin wata uku daga ranar da ke rubuce a jikinsa. Ka lura da bambancin. Banki zai karɓi cek har wata shida, amma kariyar wannan doka a wata uku ta tsaya.

Wanda ya san haka, ga yadda yake yi. Ya ba ka cek, sai ya kira: "Don Allah kada ka kai tukuna, ana bin mu kuɗi a ma'aikata, ƙarshen wata za su saki." Ƙarshen wata ya zo, sai rasuwa ta tashi a garinsu. Sai ya turo dattijon da kake jin nauyi. Kana kawaici, kwanaki na tafiya, ranar da ka gaji ka kai banki wata huɗu sun shuɗe, abin da ya rage maka sai ƙarar bashi. Ni ba na hana sulhu, sau da yawa ma ya fi kotu saurin dawo da kuɗi. Amma ka fara gabatar da cek ɗin ya dawo da hatimin banki, sannan a zauna. Idan an daidaita, a rubuta, shaidu su sa hannu, kuma asalin cek ɗin ya zauna a hannunka har sai an biya kobo na ƙarshe. Wanda ya ce ka dawo masa da tsohon ya ba ka sabo, shaidarka yake nema ya karɓe.

Dokar ta bar wa wanda ake zargi ƙofa guda: idan ya gamsar da kotu cewa lokacin da ya rubuta yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zaton za a biya. Shi ya sa saƙonnin da ya turo maka suke da daraja, musamman wanda ya amsa da bakinsa cewa ya san asusun babu komai.

Ta ɓangaren banki ma akwai hukunci. Ana cire wa mai cek ɗin da ya dawo kashi 1 cikin 100 na kuɗin cek ɗin ko naira 5,000, duk wanda ya fi yawa. Wanda ya maimaita har sau uku, umarnin Babban Banki shi ne a karɓe littattafansa, a kai sunansa ga hukumomin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, a hana shi mu'amala da cek da samun rancen banki na shekara 5. Wannan gargaɗi ne gare ka kai ma, idan kana cikin masu rubuta cek da kwanan wata na gaba da fatan kuɗi zai shigo kafin ranar.

Inda ake kai ƙara

Idan kukanka da banki ne, misali ya biya a kan sa hannun jabu, ko ya biya bayan ka dakatar, ko ya ƙi kiran ka alhali akwai umarni, to ƙa'ida ita ce ka ba shi mako biyu daga ranar da ya karɓi takardarka. A dokar da ta shafi cek, sa hannun jabu ba ya ba banki ikon taɓa kuɗinka, sai fa idan ka san da jabun ka yi shiru. Wannan shirun ne ke kashe ƙarar mutane da yawa, domin sun gano ɗansu ne ko ƙaninsu, suka rufa asiri, sai da abin ya yi yawa suka zo. Idan mako biyu sun cika babu gamsasshiyar amsa, ka rubuta wa Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Banki, ta cpd@cbn.gov.ng ko ta reshensa da ke babban birnin jiharku. Ka sa sunanka, sunan banki da reshe, lambar asusu, adadin kuɗi, ranar da abin ya faru, lambar ƙorafi, da kwafin takardar nan mai hatimi. Lambar sirrinka ta kati ko ta manhaja ba ta shiga kowace takarda.

Idan kuma da mutum ne, akwai 'yan sanda, akwai EFCC. Ƙaramar magana ta cikin gari, ofishin 'yan sanda na yankin da abin ya faru, ko sashen binciken manyan laifuka na jiha. Idan kuɗin da yawa, ko ya ratsa bankuna da jihohi, EFCC ta fi dacewa. Ana rubuta takardar koke da sunan Shugaban Hukumar, a kai ofishinta mafi kusa. A Arewa akwai a Kano, Kaduna, Sakkwato, Gombe, Maiduguri da Abuja. Ba dole sai da lauya ba, amma lauya zai taimaka wajen tsara ta. Takardar ta faɗi wane ne kai, wane ne shi, me ya karɓa, yaushe, ta wace hanya, nawa ne, sannan a lissafa shaidun da aka haɗa. Kwafi ake haɗawa, asali sai an nema, kuma idan an karɓa a ba ka shaidar karɓa. Dokar zamba ta 2006, wadda ta shafi karɓar dukiya ta hanyar yaudara, hukuncinta daga shekara 7 ne zuwa 20, ƙirƙirar takardar jabu kuma laifi ne mai zaman kansa a kundin Penal Code da jihohin Arewa ke aiki da shi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan akwai riba mai tsoka da aka yi maka alkawari har ta rufe maka ido, ka faɗa. Idan ya biya wani ɓangare, ka faɗa. Kada ka ƙara ko naira ɗaya a kan abin da aka cuce ka, domin lauyan wancan ɓangaren ƙarya ɗaya yake nema ya rushe gaskiya goma.

Ka kuma san iyakar abin da za su yi maka. 'Yan sanda da EFCC masu binciken laifi ne, ba masu karɓar bashi ba, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rikicin ciniki zalla. Mai sa a tsare wanda yake bi bashi don a matsa masa, yakan wayi gari shi ake ƙara a kan tauye haƙƙi. Neman kuɗinka hanya ce ta daban da za ta iya tafiya tare da ta laifi: lauya ya rubuta masa takardar neman biya da wa'adi, in ya ƙi a shigar da ƙara. Cek ɗin da ya dawo shaida ce mai ƙarfi, kuma manyan kotuna suna da gajeriyar hanya ta bashin da adadinsa a fili yake. Kano da wasu jihohi suna da kotunan ƙananan basussuka da aka kafa don a gama da wuri.

Bayan ka kai ƙara, ka sa ran wani kiran. Wani zai ce shi jami'i ne, an kama mutuminka, ka turo kuɗin mai ko na buɗe fayil a sako maka dukiyarka. EFCC ba ta karɓar kuɗi a kan takardar koke. Sau da yawa mutanen farko ne suka dawo ta wata ƙofa, tunda sun san lambarka, sun san adadin, sun kuma san kana cikin zafi. Ka ce masa za ka zo ofis da kanka, ka ji yadda zai kashe waya.

Sai wata magana ga samari da ɗalibai. Wani zai ce asusunsa na da matsala, a ajiye cek a naka, idan ya fito ka cire ka ba shi, ka riƙe dubu ashirin na shan ruwa. Ranar da mai cek na gaskiya ya bi matakan nan da na lissafa, bincike zai bi kuɗin ne, kuma asusun farko da zai tarar naka ne, da sunanka da hotonka da BVN ɗinka. Za a rufe asusun, za a iya sa BVN ɗin a jerin waɗanda bankuna ke sa wa ido, kuma kai za a fara gayyata ka yi bayanin mutumin da ko cikakken sunansa ba ka sani ba.